Sunan Ɗan Fari

Malam Ummaru na riƙe da ƙarfen eriya a bayan motar asibiti, idonsa na kan tayar baya, yayin da wani saurayi ke ɗaure noti. Saurayin ɗansa ne na fari, Yahaya, wanda ofishin lafiya na Boɗinga ya ba aikin sanya wa ɗaya daga cikin motocinsu rediyon oba-oba. Tun ranar suna bakin Malam Ummaru bai taɓa furta wannan suna ba. "Kai" yake cewa, ko "wancan".

"Baba, ɗan ɗaga sama," in ji Yahaya.

Ya ɗaga, bai dube shi ba.

Da aka gama jan waya har gaban mota, shugaban ofis ya fito. Motoci uku za a gwada, kowace da wanda ya haɗa ta, kuma wanda tasa ta fi kai magana nesa shi za a ba sauran motocin.

Ya dubi Malam Ummaru ya ce, "Ka kama hanyar Shagari, direba. In ka kai Dandin Mahe ka danna nan, ka kira wanda ya haɗa maka da sunansa, ka ce oba. Layi ɗaya ne, ban son jin kai ko wane."

Dije, ma'aikaciyar jinya, ta shiga gaba suka tafi. Suka wuce Sifawa, eriya na lilo a madubi. A Dandin Mahe ya tsaya gefen masu albasa, ya ɗauki abin magana ya danna.

"Kai, yaro. Oba."

Muryoyi biyu suka amsa tare, kowa na tambayar wane yaro. Wani direba ya ce, "In ni kake nema, na yi jika." Aka yi dariya a layin.

"Mai eriya nake nema. Oba."

"Dukanmu masu eriya ne, tsoho."

Dije ta danne dariyarta. "Malam, kawo in kira maka shi mana."

Ya girgiza kai. Direba aka ce. Kuma a ce mace ta karɓe shi a gaban masu albasa? Kunya ta hana shi gaba, ta hana shi baya.

Can sai muryar shugaban ta fito, da alama da wani yake magana a kusa da shi. "Motar Shagari shiru har yanzu. Wanga yaro bai iya ba, a cire shi."

"Yallaɓai, a ƙara jira kaɗan," in ji wata ƙaramar murya. Malam Ummaru ya san ta. Ya kuma san yaron ya gane muryarsa tun kiran farko, ya ƙi amsawa ne don kar ya tona shi a gaban mutane.

Ya dubi Dije. Ta juya tana kallon buhunan albasa kamar saye za ta yi.

Ya danna. Sunan ya fito kamar ba da harshensa ba.

"Yahaya. Daga Dandin Mahe ne. Oba."



"Na'am, Baba."

"Ka ce oba mana!" in ji shugaban. "Ai ga ta nan tangaran."

Malam Ummaru ya mayar da abin magana wurinsa a hankali. Ya gyara madubi, ba don ya karkace ba, ya tada mota.