Askin Shingen Salbiya

Matata ce ta shuka shingen salbiyar da ke gaban gidanmu, yau shekara goma sha ɗaya. Fure ne mai dogon kai, wani ja wani shuɗi, ƙudan zuma ba sa rabuwa da shi. Ni aikina a lokacin bai wuce riƙe mata tiyon ruwa ba.

Bara ta fara mantuwa. Da farko makulli, sai sunayen jikoki. Wata safiya ta fito ta same ni a bakin shingen, ta ce, "Mai lambu, yau ka makara." Na waiwaya, ba kowa a bayana. Na ce, "A yi haƙuri." Tun daga ranar sunana ke nan a wurinta.

Likita ya ce kada a yi mata gardama. Ni ban ma ji ina da gardamar yi ba.

Abin da bai ɓace mata ba shi ne askin shingen. Da furannin suka bushe, ta sa na fito mata da kujera, ta miƙo mini almakashi.

"Ba nan ba, sauka. Ka ga inda ganye biyu suke kallon juna? Sama da nan kaɗan."

Na datse.

"Kashi ɗaya cikin uku kawai. In ka taɓa tsohon icen ƙasa ba zai sake toho ba. Wai wa ya koya maka aiki?"

"Ke ce."

"To ban iya koyarwa ba."

Babbar 'yarmu tana tsaye a ƙofa tana ji. Da na zo ɗaukar buhun kwashe ganye, ta riƙe mini hannu. "Baba, shekara talatin da takwas kuna tare. Ba ka jin komai?"

Na tsaya na laluba raina kamar mai laluben aljihu. Na ce, "Bayana yana ɗan ciwo." Gaskiya na faɗa mata. Ta shige ɗaki, na jiyo kukanta, na koma kan aikina.

Mun kai kusurwar shingen rana ta take. Matata ta rage murya, ta ce, "Maigidana mutumin kirki ne, amma kada ka ba shi almakashi. Ya taɓa yi wa rabin shingen nan ƙwal-kwabo."

"Bai kyauta ba," na ce.

"Kada ka gaya masa na faɗa."

Bayan sati biyu ta buɗe ƙofa ta fita, sai a tashar mota aka tsinto ta ba takalmi. 'Yarmu ta ce za ta tafi da ita gidanta, inda akwai idanu da yawa. Na haɗa kayanta a akwati biyu, na sa a mota. Ta ɗago mini hannu ta taga, na ɗaga mata.

Da yamma telan da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ta kan shingen.

"Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi."

Ya ce yana son irin furen. Na yanko masa rassa takwas, na zage ganyen ƙasa, na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma. Ya tambaye ni sau nawa ake ba su ruwa kafin su kama. Na ce zan tambayo masa.