Bari In Ɗauko A Sito

Yayana Sammani bai taɓa ce wa mai saye babu ba. Ko leshin da aka daina sarowa tun ina firamare ka tambaye shi, sai ya kakkaɓe maka benci, ya sa a kawo lemo mai sanyi, ya ce, "Zauna, Alhaji, bari in ɗauko a sito." Daga nan ya zura takalmi ya faɗa cikin kasuwar Kwari da sassarfa, layi bayan layi, yana neman wanda zai ba shi turmi ya sayar masa ya ɗan sami na kansa a kai. Sitonmu kuwa wani ɗan lungu ne a bayan shago, babu komai a ciki sai buta da tsintsiya da kwalayen da ɓera ya gama da su.

Kowa a kasuwar nan yana yin haka, ban ce a'a ba. Amma mutane suna yi ne jefi-jefi, shi kuwa ya mayar da abin sana'a.

Shagon na mahaifinmu ne, Baba Kyari, wanda ya zo Kano daga Barno tun yana saurayi. Da ya rasu, Inna ta zaunar da mu biyu a ɗakinta a Rijiyar Lemo ta ce, "Sammani, Jawahir, muddin ina numfashi kada wanda ya raba min shagon nan." Tun daga lokacin kullum da rana take aiko mana da abinci ta hannun Malam Abdulrauf mai adaidaita sahu: kula ɗaya, cokali biyu. Ba ta taɓa zubawa a kwano biyu ba, kuma mun san da gangan take yi.

Ni ke kula da masu saye ta waya, ko in ce haka aka ce a baki. A zahiri Yaya ne ke riƙe da komai. Wayoyi uku ne a aljihunsa, duk suna ƙara a lokaci guda. Makullin shago a wuyansa. Shi ke sarowa, shi ke aunawa, shi ke yankewa, shi ke bin ɗan dako zuwa tasha don kada a jefa kayan Damaturu a motar Azare, kuma sau da yawa shi ɗin ne ke jefawa. Atamfa a kan shadda, shadda a kan leshi, kayanmu da na aro duk a cakuɗe. Ni kuwa ina zaune da masu saye ina yi musu murmushin dole, lemo ya ƙare, hira ta ƙare, Yaya bai dawo ba. In ya dawo, jijiyar wuyansa a tashe, yana haki, rigarsa sharkaf. Likita ya riga ya faɗa masa jininsa ya hau. Ko a jikinsa.

Wata ranar Asabar na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, mu raba aikin nan. Ka ba ni wayoyi biyu. Kanta ɗaya atamfa, ɗaya leshi, ɗaya shadda. Aika kaya tasha a yi shi lokaci guda da yamma, Musiliu direba ya kai. Abin da muke da shi mu sayar, abin da babu mu ce babu."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wa ya koya miki wannan? Masu surutun cikin waya?"

"Ciwon kaina ne ya koya min."

"To ki sha magani. Baba bai taɓa korar mai saye ba."

"Baba yana da yara huɗu a shago. Kai kana da ni, kuma ka mai da ni mai raba lemo."

Ya yi tsaki ya fita, wayarsa na ƙara. Wallahi raina ya ɓaci. Ba raini ne kawai ya ci min rai ba. Ina kallon mutum yana kashe kansa a tsaye, yana jan shagon ubana zuwa rami, kuma in na yi magana a ce ba ni da kunya.

Ana cikin haka Alhaja Barakat ta zo. Ita ce babbar mai sayenmu tun zamanin Baba. A Sabon Gari take, kuma duk bikin da za a yi a danginsu, na Kano da na Ilorin, ita ke fitar da anko. Wannan karon 'yar ƙanwarta Wasilat za a aurar. Ta zaɓi wani koren leshi, ta ɗaga shi a bakin ƙofa inda akwai haske, ta ce, "Wannan nake so, dangin amarya da dangin ango duk iri ɗaya. Sammani, ka ji ni da kyau. Surukan nan masu ido ne, kuma tun farko ba son auren suke yi ba. Kada ka sa in ji kunya."

Da ta tafi na tare shi a ƙofa. Na ce, "Wannan kam ka bar min. Daga dila ɗaya, ɗauri guda, za a yanka mata, in bai isa ba a kira ta a faɗa mata tun da wuri ta sake zaɓa. Ba aro, ba ciko."

"Na ji."

"Ka ce wallahi."

"Jawahir, ni sa'anki ne? Na ce na ji."

Dilar ba ta isa ba. Ban sani ba, don ranar da aka yanka na tafi kai ɗana asibiti. Yaya ya ga saura kaɗan, ya ga kiran Alhaja a ce mata bai isa ba abin kunya ne, sai ya zura takalminsa ya tafi shagon Chimezie a layin baya. Can ya sami leshi mai zane iri ɗaya, lamba ɗaya, kore shi ma. A ƙarƙashin fitilar shago ko ni ba zan bambance su ba. Ya haɗa ya ɗaure, ya kai da kansa, ya dawo yana min kallon "kin gani ko".

Rana ce ta tona. A farfajiyar wurin biki, da mata suka jeru za a ɗauki hoto, dangin amarya suka fito kore shar, dangin ango kuwa nasu ya yi fari-fari kamar an sha wanke shi. Rini ne ya bambanta, ba wani abu ba. Amma je ka faɗa wa uwar ango haka.

Washegari da hantsi Alhaja Barakat ta shigo ba sallama. Ta zazzage leda a kan tebur, riguna biyu suka faɗo, ta shimfiɗa su gefe da gefe. Maƙwabta suka fara leƙowa.

"Zauna, Alhaja," in ji Yaya. "Bari a kawo..."

"In ka kawo min lemo, a fuskarka zan juye." Ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi muni. "Uwar ango ta cire ɗankwalinta ta ajiye a gabana a bainar jama'a. Ta ce mun ba su na talakawa mun riƙe mai tsada. Wasilat ta shiga gidan miji da kuka, ba wanda ya yi mata maraba. Ni da na haɗa auren nan, yau ni ce macuciya."

"Alhaja, lamba ɗaya ce, wallahi. Kamfani ne..."

"Kamfani ne ya ce maka kada ka kira ni? Kana da waya uku." Ta juyo gare ni. "Ke kuma kina zaune kina kallo. Ubanku mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa. Bai bar magaji a shagon nan ba."

Ta bar rigunan a nan ta fita. Kafin la'asar labari ya zaga Sabon Gari, mata biyu suka kira suka ce sun fasa sayen kaya a wurinmu.

Na jira har layi ya yi shiru, sannan na miƙa hannu. "Ba ni wayoyin."

"Ba zan bayar ba."

"Ka ce ka ji, Yaya. A nan ka tsaya ka ce ka ji."

"Da kina shago da haka ba ta faru ba. Kin tafi yawonki."

"Asibiti ne yawo? Ɗana ne a kwance."

"Kowa da uzurinsa. Ni ban taɓa barin shagon nan ba ko da zazzaɓi."

"Ai shi ya sa ya zama haka. Ba ka yarda da kowa ba, ba ka iya komai har ƙarshe ba, kana ta gudu kamar wanda aka biyo. Kai ba ɗan kasuwa ba ne, ɗan aiken maƙwabta ne."

Na san maganar ta shige shi, don sai da ya dafa kanta. Ya ce, a hankali, "Tunda kin fi ni iyawa, ki ɗauki naki."

Na ce, "Kira kafinta."

Ba mu faɗa wa Inna ba. Kafinta ya zo ya kafa katako daga ƙasa har rufi, kashi biyu nasa, ɗaya nawa, kamar yadda rabon gado yake. Allon sunan Baba ya tsaya a sama, ya haye ƙofofin biyu, don ba wanda ya yarda ya sauke shi. Maƙwabta suka zo ba da haƙuri, muka ba su amsa ɗaya ni da shi, karo na farko da bakinmu ya zo ɗaya a shekarar.

Ɗan wurin nawa na shirya shi yadda na daɗe ina mafarki. Leshi kawai nake sayarwa, kowane launi da gurbinsa. Waya ɗaya, ina amsa ta da safe da bayan azahar. Musiliu yana zuwa da yamma ya kwashi na tasha. Ba na ara, ba na bayar da aro. Wanda ya tambayi abin da babu, in ce masa babu, in nuna masa inda zai samu. Kaina ya daina ciwo. Ciniki ba yawa, amma abin da na sayar ba ya dawowa, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban ji daɗin hakan ba.

Sai dai katako ba ya tare sauti. Duk yini ina jin wayoyinsa, ina jin ƙarar takalminsa yana fita yana dawowa, ina jin hakinsa. Wani lokaci in ji ya ɓare ƙwayar maganinsa ya haɗiye ba ruwa. In ji haushi, in ƙara jin haushin cewa na damu.

Ran nan kusan azahar na ji wata mata a ɓangarensa tana tambayar leshi ruwan zuma mai ƙananan furanni. Na ɗaga kai na dubi kantata. Ga shi nan a gurbi na biyu.

"Zauna, Hajiya," na ji ya ce. "Bari in ɗauko a sito."

Takalmin ya fita, ya yi taku kaɗan, ya tsaya. Sai ga shi a ƙofata. Tun ranar kafinta bai taka nan ba. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Bai dube ni ba, leshin yake kallo.

"Ba ni wancan in nuna mata."

"Ba na bayarwa."

"Ba kyauta na ce ba. Yadda ake yi."

"Na san yadda ake yi. A nan ba a yi. In tana so, turo ta."

Sai a lokacin ya dube ni. "Chimezie ma ba ya hana ni."

"To je wurin Chimezie."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana, wayar aljihunsa ta fara ƙara, ta biyun ma ta bi sahu. Ya juya ya nufi layin baya yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, abin da ban san yana yi ba. Na tashi na gyara leshin a gurbinsa, ko da yake ba abin da ya same shi. Zuciyata tana tafasa, kuma ban san da wa nake fushi ba.

Bai jima da tafiya ba Malam Abdulrauf ya iso da kular Inna. Tun da aka kafa katakon, a dakalin tsakiya yake ajiye ta ya wuce ba ya cewa komai, wanda yunwa ta fara kamawa ya ɗiba ya bar wa ɗayan. Yau bai ajiye ba. Ya tsaya tsakanin ƙofofin yana sosa ƙeya.

"Hajiya Jawahir, yau fa ba ni kaɗai ba ne. Inna ta ce ta gaji da zaman gida, tana so ta ga shagon marigayi, ta ci abinci tare da ku. Tana bakin titi a cikin adaidaita, ƙafarta ba za ta iya shigowa ba sai an riƙo ta. Ta ce ku fito ku biyu."

Na dubi katakon. Ta bayansa matar nan ta ajiye kwalbar lemo a ƙasa, tana tambaya ko mai shagon zai daɗe.

"Ta sa cokali uku," in ji Malam Abdulrauf, yana miƙo min kular. "Me zan ce mata?"