Makullin Agogon Verdanne

A watan Maris na 2014 kamfanin Verdanne da ke Lyon ya saki hotunan sabon agogonsa na masu nutso a teku. Kafin kwana biyu masoya agogo sun cika intanet da surutu. Fuskar agogon ta burge su, shuɗinta ma sun yaba. Makullin da ke haɗa maɗaurin ƙarfen ne suka yi wa ca. Wani ya ce ya yi kama da murfin gwangwanin sardin. Wani ya ce duk wanda ya zana shi bai taɓa ɗaura agogon kirki a hannunsa ba.

Soumaïla ne ya zana shi. Ɗan Damagaram ne, injiniya, shekararsa ashirin da tara, kuma shekara biyu cur ya yi a kan makullin nan. Akwai ɗan maɓalli a gefensa. In ka danna da babban yatsa, maɗaurin zai saki da faɗin yatsa biyu, agogon ya zame, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa. Ka matse, ya koma yadda yake. Tunanin ya zo masa ne a banɗakin kamfanin, inda yake alwalar azahar shi kaɗai, kullum yana kwance agogo yana neman busasshen wuri a bakin famfo.

Madeleine, shugabar ofishin zane na kamfanin, ta kira shi ranar Laraba. Ta ce akwai wata ƙungiyar masu tara agogo a Paris, mutum arba'in, abin da suka faɗa shi sauran masu saye ke bi. Ranar Asabar za su ga agogon ido da ido. In sun ƙi makullin, za a cire shi.

"Kai za ka je ka yi musu bayani," in ji ta. "Ka ce don hannun da ke kumbura lokacin zafi ne. Kada ka ƙara komai."

"Amma ba don haka na yi shi ba."

"Na sani, Soumaïla. Su ne ba sa buƙatar sani."

Asabar da safe ya sauka Paris, ya fara biyawa Aubervilliers wurin Alhaji Saley, aminin mahaifinsa, mai sayar da agoguna kwali-kwali ga 'yan sari. Bayan doguwar gaisuwa, har da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, Soumaïla ya fito da agogon ya nuna masa yadda maɓallin ke aiki.

Alhaji ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu. "To, mi ya hana mutum shi cire shi sa aljihu?"

"Baba, sau biyar kowace rana. Mutane nawa ne a duniya ke wannan cirewa da mayarwa? Ba wanda ya taɓa zama ya zana abu domin mu. Mu ma ba mu taɓa tambaya ba."

"Mu tambayi wa? Ɗana, wanda ke alwala ba shi ke sayen wannan ba, wanda ke sayen wannan kuma ba ya alwala." Ya yi dariya ya miƙo masa. "Karatu ya yi maka yawa. Ka tsaya ka ci shinkafa."

Bai tsaya ba. A cikin métro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ransa na ta tafasa. Bai san wanda ya fi ba shi haushi ba, Turawan da ke son komai ya zauna yadda kakanninsu suka bar shi, ko nasa da suka saba da karɓar abin da aka ƙera wa wasu suna godiya.

An yi taron da ƙarfe uku a wani ɗaki a saman gidan abinci. François, shugaban ƙungiyar, dattijo mai ladabi, ya raba fararen safar hannu. Agogon ya zaga teburi a kan ɗan faranti mai shimfiɗar karammiski, kowa na ɗaga shi da yatsu biyu kamar ƙwai. Agogon da aka gwada a zurfin mita ɗari uku ne ake tsoron zufar hannu ta taɓa shi.

"Fuskar ta yi," in ji wani mai gilashi. "Amma wannan ƙari da ya fito masa a gefe fa? Akwai likita a ɗakin?"

Aka kwashe da dariya. François ya juyo. "Monsieur, gaya mana. Don me?"

Jimlar Madeleine tana kan harshensa. Ya dubi fararen hannayen mutum arba'in ɗin nan, ya ji ba zai iya faɗinta ba. Ya cire safarsa, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ya ɗaura agogon, ya jawo kwanon da aka kawo burodi a ciki. Ya ɗauki tulun ruwan da ke kan teburi.

"Ni Musulmi ne. Kafin salla ina wanke hannu daga yatsu zuwa nan, kuma dole ruwa ya taɓa fata ko'ina. Ku duba."

Ya danna maɓallin, ya tsiyaya ruwa. Wata mata ta yi ƙara. Wani ya miƙe tsaye har kujerarsa ta faɗi. Ruwan ya bi ƙarƙashin agogon ya zuba a kwano, Soumaïla ya matse, makullin ya ce ƙwas, ya rufe.

"Kun ga? Daƙiƙa biyu."

Ba makullin suke kallo ba. Ɗigon ruwan da ke kan gilashin suke kallo. François ya zo da ƙyalle ya kwance agogon daga hannunsa a hankali, ya shiga goge shi ta kowace kusurwa.

"Abin sha'awa ne ƙwarai," ya ce, idonsa na kan agogon. "Amma ka gane, mu tarihi muke saye. Tsohon makullinku na 1968 ba shi da laifi."

"Agogon ruwa ne," in ji Soumaïla, muryarsa ta ɗaga. "Wa ya taɓa jiƙa nasa a cikinku?"

Aka koma maganar launin alluran agogon masu nuna lokaci. Ya zauna da jiƙaƙƙen hannun riga har aka tashi, mutumin da ke kusa da shi ya ɗan ja kujerarsa gefe don kada ruwa ya taɓa masa kwat.

Litinin da safe Madeleine ba ta yi faɗa ba. Ta ce François ya kira, ya ce saurayin yana da zuciya. Za a mayar da makullin 1968, kuma Soumaïla ne zai sake zana shi daidai da girman sabon maɗaurin.

"Yaushe zan samu?" ta tambaye shi.

"Alhamis."

Ya koma teburinsa. Abokan aikinsa uku suna gardamar inda za su ci abincin rana, ba wanda ya tambaye shi yadda Paris ta kasance. Ya buɗe tsohon zanen a kwamfuta. Nan take idonsa ya faɗa kan wata 'yar ƙusa da ke cizon gashin hannu duk lokacin da aka rufe makullin. Ya san yadda zai gyara ta cikin minti goma. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya kwafe ta yadda take.