Sandar Mose Lazore

Mose Lazore ya cika ranar Laraba da hantsi, a kujerarsa ta bakin taga, kuma tun kafin masu shirya gawa su iso 'yarsa Verna ta tuna cewa sandarsa ba ta gida.

A garinsu na 'yan ƙabilar Mohawk da ke bakin kogi ba a binne ɗan wasan lakros, wasan da ake cafe ƙwallo a jefa da sanda mai raga a kai, hannu rabbana. Sai an sa masa sandarsa ta itace a cikin akwati, domin in ya isa can ya tarar da magabata suna wasa, ya shiga a dama da shi, kada ya tsaya gefe yana zare ido kamar baƙo. Shi ya sa duk tsufan ƙungiyar Zalɓe ba za ka ga tsohuwar sanda ko ɗaya rataye a ɗakinta ba, kowace ta bi mai ita. Ta Mose kaɗai ta rage a bayan ƙasa, don shi ne na ƙarshe cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar.

To ita wannan sanda tana birni, cikin akwatin gilashi, a zauren babban filin wasa. Bara hukumar gasar yankin ta yi bikin tunawa da kafuwarta, shugabanta Mista Whitlock ya tako har gida da murmushinsa ya nemi aro. Mose ya ce shi bai taɓa ganin sandar da ta ji daɗin zaman gilashi ba. Verna ce ta lallashe shi, ta ce ya bari 'ya'yan birni su ga abin da ya karya wa kakanninsu yatsu. Ya yi dariya ya bayar. Biki ya wuce, sanda ba ta dawo ba, kullum sai a ce bari a gama wannan kakar wasa.

Ita Zalɓe dama ba da izinin kowa aka haife ta ba. Lokacin da Mose yake saurayi ƙungiyoyin birni ba sa ɗaukar ɗan garin nan, wai su nishaɗi suke yi, mutanen bakin kogi kuwa sun cika zafi. Ka ji fa, wasan da kakannin mutanen bakin kogin suka koya musu. Mose da abokansa ma'aikatan ƙarfe ne, masu hawa dogayen gine-gine a New York, duk ƙarshen mako sai su cunkushe a mota ɗaya su dawo gida. Suka ɓamɓare katakan wani ɗakin shanu da ya rushe, suka kewaye fili a bayan makaranta, suka haɗa raga da bututun ruwa da komar kamun kifi. Suna kuwa wani zalɓe ne ya ba su, da ya riƙa sauka kan katangar yana kallonsu da ƙafa ɗaya, kamar alƙalin wasan da bai gamsu ba. Daga baya aka shigar da su gasa, aka kore su wai sandunan itace na ji wa mutane ciwo, aka dawo da su, aka sake korarsu don sun ƙi fita wasa ranar da garin ke makoki. Ba su taɓa zuwa roƙo ba. Sai dai in hukuma ta ga kujerun 'yan kallo sun zama wayam, ta turo ɗan aike da kanta.

A gindin wannan katanga Verna ta girma, kuma yau in ka cire gudu da jifa, ita ce ƙungiyar. Ita ke wanke riguna, ita ke tuƙa motar 'yan wasa, ita ke dafa miyar masara a ƙatuwar tukunya ranar wasa, ita ce kuma alƙalai ke canja hanya in sun hango ta. Abu ɗaya ne ba ta yi, ba ta taɓa sandar itace. A gidansu mace ba ta sa mata hannu. Tun tana rarrafe aka koya mata kewaye ta, in ta faɗi ƙasa sai a kira namiji ya ɗaga. 'Yan jarida masu tausayin da ba a roƙe su ba sun sha tambayarta ko abin ba ya ci mata rai, ita kuma takan tambaye su wa ya aike su.

Da yammar ranar rasuwar ta buga wa Mista Whitlock waya. Ya yi ta'aziyya mai kyau, sannan ya ce gilashin ba ya buɗuwa sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuma ba zai zauna ba sai bayan wasan ƙarshe na mako mai zuwa, wanda ita Zalɓen ma za ta buga. Verna ta ce jibi za a binne shi. Ya ce ya gane ƙwarai, kuma don girmamawa hukuma za ta aiko da sabuwar sanda ta roba, fil a leda, da sunan marigayin a jiki. Ta ajiye wayar a hankali.

Alhamis ta tafi a karɓar masu zaman makoki, Verna na kiran Mista Whitlock ba a ɗauka. Juma'a da sassafe mazan ƙungiyar kakaf suka tafi haƙa kabari, kamar yadda suke yi wa nasu, har da Dwayne ɗan ƙanwarta, kyaftin ɗinsu. Verna ta leƙa akwatin ta ga mahaifinta cikin rigarsa ta biki, hannayen nan manya a kwance babu komai a cikinsu. Kunya ta kama ta, don ita ta sa ya bayar, sannan zuciya ta zo ta kori kunyar. Ba ta ce wa kowa uffan ba, ta zari mabuɗin mota.

Ta isa birni yara na atisaye, iyaye sun cika zauren da kofunan kofi. Ga sandar can a bayan gilashi, itacen hikori da aka lanƙwasa kansa, ya yi duhu don gumi da shekaru, ragarsa ta fata. A ƙasa an rubuta wai kayan wasan mutanen da. Mutanen da, alhali mai ita shekaranjiya ya sha shayinsa.

Mista Whitlock ya fito daga ofis, ya sake ta'aziyya, ya sake karanto maganar kwamiti. Ba mugu ba ne, irin mutanen nan ne da in doka ta ce a tsaya, ko gida na cin wuta sai sun tsaya. Verna ta bari ya kai aya. Sannan ta taka zuwa bango, ta ciro jar tukunyar kashe gobara, ta dawo gaban gilashin ta gyara tsayuwa.

"Mista Whitlock, mabuɗi biyu ne," in ji ta. "Ɗaya na aljihunka, ɗaya ga shi a hannuna. Zaɓi."

Iyayen suka juyo gaba ɗaya. Ya rage murya ya ce ta yi tunani, in ta fasa gilashin nan ba shi da yadda zai yi, za a cire Zalɓe daga wasan ƙarshe, wataƙila daga gasar baki ɗaya.

Maganar ta shige ta, ba ƙarya. Yaran nan sun yi shekaru suna neman wannan wasa, Dwayne da gwiwa ɗaure yake fita fili. Ta san abin da take shirin jefarwa ba nata ba ne ita kaɗai, kuma ta ji tsoro. Amma ta san in ta koma ta tambaye su, har da mai gwiwar, cewa za su yi me take jira.

"Kora?" ta ce. "Ai da kora aka yaye mu. Waɗanda suka fi ka gashin baki sun kore mu har sau biyu, ga mu nan. Ka kora. Amma tsohona ba zai isa can ya tsaya kallo ba."

Ta ɗaga tukunyar zuwa kafaɗa. Mista Whitlock ya dubi iyayen, ya dubi damtsen matar da ta saba sauke tukunyar miya ita kaɗai, ya ce ta dakata. Ya laluba aljihu, ya buɗe gilashin, ya ciro sandar da hannu biyu ya miƙa mata.

Verna ta ajiye tukunya, ta miƙa hannu, saura kaɗan yatsunta su kai, sai ta daskare. Sai yanzu ta tuna. Fushi ya fito da ita daga gida ita kaɗai, duk mazan da za su iya riƙe abin nan suna can cikin rami da shebur. Ta janye hannayenta ta ɓoye su a baya.

"Madam, ga ta," in ji shi, ransa ya soma ɓaci. "Ba ita kika zo fasa mini gilashi a kanta ba?"

Ta gaya masa a taƙaice cewa ita ba ta taɓawa. Ya ce to a naɗe ta a tawul. Ta ce ɗauka ɗauka ce, ko da tawul goma. Ya ce zai sa a kawo gobe. Ta ce gobe sai dai a tone. Suka tsaya cirko-cirko, shi da sanda a hannu, ita da hannu a baya, rana tana ta yin sama. Can ta ƙare masa kallo daga sanƙonsa har takalmi, wani abu mai kama da murmushi ya zo bakinta.

"Kai namiji ne ko?"

Ya dubi sandar da ke hannunsa.

"To ɗauko rigarka. Kai ka tako har gida ka karɓa, kai za ka mayar."

Ya ce yana da taro da rana. Ta ce shi ma marigayin yana da taro, kuma nasa ba a ɗagawa.

Haka shugaban gasa ya zauna a gaban tsohuwar motar Verna mai warin safar 'yan wasa, sanda a tsaye tsakanin gwiwoyinsa, kanta na gogar rufi. Da suka fita gari ya tambaya ko zai iya kwantar da ita a kujerar baya. Ta ce ba kaya ba ce. Daga nan bai ƙara neman sauƙi ba. A hanya ya ce mahaifinsa ya taɓa buga wasa da Mose, ya dawo gida da babban yatsa a kumbure, ya yi wata yana zaginsa yana yabonsa. Verna ta ce to ya gode wa Allah yatsa ne. Amma ta ɗan sassauta gudu a kan ramuka.

Sun iso rana ta kusa tsaka. An fito da akwatin tsakar gida, gari ya taru, dattawa sun hana a rufe don ba a ga 'yar mamaci ba, kuma kowa ya riga ya gane inda ta tafi. 'Yan Zalɓe na tsaye a jere cikin rigunan wasa, ƙasar kabari har gwiwa. Da suka ga wanda ya fito daga motar da abin da ke hannunsa, aka soma kallon kallo. Dwayne ya ɗingiso da sauri yana goge hannu a wando.

"Inna, bari in karɓa."

"Bar shi, Dwayne. Bai gama aikensa ba."

Mutane suka dare. Mista Whitlock ya ratsa su da sandar a ƙirji, fuskarsa ja wur, ba mai harararsa kuma ba mai taimakonsa. Ya isa bakin akwatin ya tsaya yana kallon tsohon, ya cire hularsa ya maƙale a hammata, sannan ya sunkuya ya kwantar da sandar a gefen dama, a hankali, ya ja da baya.

"Ba nan ba," in ji Verna. "Bahago ne."

Ya sake ɗauka, ya zagaya ta ƙafafu zuwa ɗaya gefen. Dwayne ya ɗaga hannun hagun kakansa, Mista Whitlock ya zura sandar a ƙarƙashi, yatsun tsohon suka zauna daidai inda suka cinye itacen ya lotsa. Verna ta matso ta duba da kyau, hannayenta har yanzu a baya, hawaye na sauka ba ta share ba.

"Yanzu a rufe," ta ce.