Ɗaki Na Huɗu Daga Rijiya

Ni dai ban yi karatu ba, amma ban taɓa manta abin da aka ba ni ajiya ba. Shi ya sa na cire warwarona na zinariya na sayar, na kama mana ɗaki a funduƙin nan, ni da Rumaisa.

Funduƙi suke cewa yanzu, wato otal. Mu da muka zauna a ciki rubaɗi muka sani, gidan wakafi na matan da mazansu suka mutu a hanyar Makka. A nan na haɗu da Ɗaso, ta zo ta Sudan da ciki wata bakwai. A nan ta haifi Baraka, ungozomar hukuma ta ba ta takarda mai hatimi. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta damƙa min 'yar da takardar, ta ce, "Ki riƙe su biyun nan."

'Yar na riƙe, har na aurar da ita, ta haifi Rumaisa, sannan Baraka ma Allah ya karɓi abarsa. Takardar kuwa na kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata saboda gara, yadda ake yi a gida. Na cire dutse ɗaya a bangon ɗakinmu, na tura ta, na shafe da laka. Duk matan rubaɗi haka muke ajiya. Da na yi aure a unguwar Zahir na ce gobe zan ɗauko. Goben nan ce ta kai shekara arba'in.

Yanzu maktab, ofishin hukuma, sun ce wa Rumaisa ran Lahadi ta kawo hujjar cewa a Makka aka haifi uwarta. In ba haka ba tarhil, a sa ta a jirgi zuwa ƙasar da ba ta san ko mutum ɗaya ba. Ran Alhamis muka shiga funduƙin.

Bayan azahar ne. Sanyin na'ura ya doke ni, ƙamshin turare ko'ina, ƙasa sai sulɓi. Wani mai farar riga a bayan tebur, Muhsin sunansa, ya miƙo wani ɗan kati wai shi ne makulli.

Na ce, "Ya waladi, ɗana, ɗaki na huɗu daga rijiya nake so."

Rumaisa, da ke ce min Sitti, wato kaka, ta ja min mayafi. "Sitti, don Allah a hankali. Nan ba a cewa haka, lamba ake bi."

"Ke da lambarki. Ina rijiyar?"

Tana nan a tsakar gida, an rufe bakinta da gilashi, an sa fitila a ciki, baƙi na ɗaukar hoto. Na sa bayana a jikinta na fuskanci ƙofar da muke shanya. Ɗaya, ɗakin Kabo mai tuwo. Biyu, na makauniyar nan 'yar Barno. Uku. Sai na tsaya. Babu ƙofa ta huɗu. An fasa uku da huɗu da biyar an haɗe su, an jera kujeru ana shan gahawa.

Na shiga na bi bango da tafin hannu, daidai ƙirjina. Dutsen tsohon ne, na gane shi. Amma tsakaninsa siminti ne fari, sabo. Na sa farce, na sa cokalin shayin wani bawan Allah, ina ƙwaƙula.

"Sitti, halas, ya isa! Ana kallonmu!"

"Su kalla. Su za a kora ko ke?"

Muhsin ya taho da sauri. Bai yi min tsawa ba, gaskiya, ya jawo kujera ya zaunar da ni. Rumaisa ta yi masa bayani da Larabcinsu mai gudu. Na ga fuskarsa ta sauka.

Ya ce, "Ya hajja, lokacin gyara an tono kowane rami a bangon nan. An sami ƙunshe-ƙunshe da yawa. Na tsumma an buɗe. Waɗanda aka ɗinke cikin fata kuwa, ma'aikata suka ji tsoro, suka ce sihiri ne."

"Wane sihiri? Gara na tsare wa!"

"Ba wanda ya yarda ya farke ko ɗaya. An ƙone su."

Ban san na zame daga kujera ba. Ni da hannuna na kai wa baduku. Da na bar ta a tsumma kamar wasu, da tana nan. Rumaisa ta durƙusa ta riƙe ni, ita ce ma ke ba ni haƙuri. Na ce a raina, Ɗaso, me zan faɗa miki?

Can na tuna malam nazir, mai kula da rubaɗi. Duk wadda ta shigo sai ya rubuta sunanta, duk jaririn da ya faɗo sai ya rubuta, don rabon gurasa.

Na ce, "Littafin nazir fa? Shi ma kun ƙone?"

Muhsin ya nuna bakin ƙofa. Ashe mun wuce littafin muna shigowa. Yana kwance cikin akwatin gilashi, an buɗe shi a shafi guda don ado. Rumaisa ta manna fuska ta karanta. Sunayen wata shekara ce daban.

"A juya mana."

"Makullin na wurin mai gidan, yana Jidda. Sai Litinin."

"Lahadi za su ɗauke min yarinya."

"Wallahi ya hajja, ba hurumina ba ne."

Na shimfiɗa mayafina a ƙasa gaban akwatin, daidai hanyar da baƙi ke wucewa da jakunkunansu, na zauna na miƙe ƙafa. Rumaisa ta ce ɗakinmu na sama, akwai gado. Na ce ta je ta kwanta in tana iyawa.

Na dubi Muhsin. "Kira shi. Ka ce masa wata tsohuwa ta zauna masa a ƙofa, kuma ba ta da wurin zuwa kafin Lahadi."

Ya dube ni, ya dubi baƙin da suka fara taruwa. Ya ciro wayarsa. Tana ta ringi, ba a ɗauka ba. Na ce ya sake.