Ƙanƙarar da Ba Ta da Sanyi

...to amma ina ruwan yake shiga? Abin da Barmo ya kasa ganewa ke nan. Yana tsugune cikin rumfar leda, zufa na bin gemunsa, tattasai jere biyu a gabansa. Kwana uku bai ba su ruwa ba. Kwana uku! Shi da ya shekara arba'in rana ba ta taɓa faɗuwa bai ja guga ba.

Rijiyar ce. Tasu ce shi da maƙwabcinsa Iliyasu, bana kuwa ta ja baya, guga sai da laka yake fitowa. Iliyasu bai ɓoye ba: ko ka rage ɗiba, ko ka tumɓuke rabin tattasan nan, albasata ma rai gare ta. Da gaskiyarsa. Abin haushin ke nan.

Sai ga Rashida, malamar gona daga Konni, da wani farin gari a ƙunshi, wai yana riƙe wa shuka ruwa. Kamar gishiri. Har ya lasa... ba gishiri ba, ba kanwa ba, lami. "Baba, murfin kwalba ɗaya a kowane rami, kar ka ƙara." Murfin kwalba? Wa ke ciyar da ƙasa da murfin kwalba? Taki da tafi ake ba da shi. Jeren gabas ya bi maganarta, don tana tsaye a kansa. Da babur ɗinta ya tashi, jeren yamma ya samu tafi-tafi. Washegari ƙasar jeren yamman ta kumbura kamar ƙullun masa, ta turo dashe waje, saiwa a sama. Bakwai suka mutu. Bai gaya wa kowa ba.

Ran nan ne ya barbaɗa kaɗan a finjalin shayi, ya ɗiga ruwa, ya zauna kallo. Garin ya shanye. Ya ƙara, ya shanye. Har ya cika finjali, yana rawa, ana hango yatsa ta cikinsa — ƙanƙara, amma ba sanyi. Simintin Malbaza ma yana shan ruwa, ya yi dakon buhunansa shekara biyu, ya sani. Amma siminti in ya sha, ya sha ke nan, sai dutse. Wannan fa? Mai riƙo... yana saki? Shatu, Allah ya jiƙanta, uwar gidansa, randarta ba ta taɓa ƙafewa ba... ita ke cewa marowaci ma ajiya yake yi, sai ranar buƙata ake gane shi.

Fuskar ƙasa ta bushe, ta tsage. Ido na cewa ƙishirwa. Ganye na cewa a'a — ga shi tsaye, kore shar, har da fure. Na wa zai ɗauka? Bokiti na bakin ƙofa, cike. Daga waje yana jin gugan Iliyasu na kartar gindin rijiya.

Ya tura yatsa a jeren gabas. Gaɓa ɗaya, busasshe. Biyu... uku — laushi. Ya tona a hankali. Ƙwallo ɗaya na garin nan, ya rame, bai kai rabin na finjali ba, wata farar saiwa siririya ta huda shi ta shige kamar zare a allura. Ashe yana saki. Ashe tana sha... ba da hannun Barmo ba.

Ya mayar da ƙasa. Hannunsa ya riga ya kai ga bokitin, shi kuwa bai aike shi ba. Ya tsaya haka a sunkuye. Ya kai wa Iliyasu ruwan? In gobe tattasan suka yi yaushi fa? In kuma ba su yi ba... to shi, me zai yi da safiyarsa?