Kujerar Gefen Binta

"Mama, daure ki faɗa mini," in ji Jummai, tana share wa tsohuwar gumi. "Me kike yi wa Binta har ta yi shiru?"

Mama Scholastica ta buɗe ido, numfashi na fita da ƙyar. Tsohuwar malamar firamare ce, ɗakinta na kallon na Jummai a gidan hayarsu na Kakuri. Shekara biyu ke nan tana raka Binta, 'yar Jummai, makaranta, ta zauna gefenta a aji. Binta ba ta cika magana ba, kuma da hayaniya ta yi mata yawa sai ihu da cizo. Sharaɗin hedimasta ɗaya ne: ran da aka rasa mai kwantar da ita, ta koma gida.

Jummai kuwa, ita da ta haife ta, riƙon ƙarfi kawai ta sani. Kunya ce ta hana ta tambaya tuntuni.

"Litinin ki kai ta," in ji Mama. "Kar ki ɓoye ta."

"To, in ta fara fa?"

Tari ya sarƙe tsohuwar. Kafin ɗanta Filibus ya dawo da mai keke napep da zai kai ta asibiti, rai ya yi halinsa. Jummai ta sha kuka, tana jin haushin kanta, don rabin kukan saboda makomar Binta ne.

Ranar Litinin Jummai ta zauna a kujerar Mama a aji uku. Ana kaɗa ƙararrawar ƙarfe tara, Binta ta waiga, ta ga ba fuskar da ta saba gani ba ce. Ta ƙwalla ihu, ta watsar da littattafai. Sai ga hedimasta a bakin ƙofa, takardar sallama a hannunsa.

Jummai ta zabura za ta damƙe ta.

"Maman Binta, kar ki taɓa ta!" in ji wata ɗaliba, Deborah. "Ihun ƙaruwa zai yi. Mama ta koya mana."

Malamin ajin ya ajiye alli. Yara arba'in, masu surutu kamar kasuwa, suka kifa kawunansu a kan tebur ɗaya bayan ɗaya. Ba mai kallon Binta. Ihun ya yi ta raguwa har ya koma shessheƙa.

Hedimasta ya daɗe a tsaye. Sannan ya ninke takardar, ya taka a hankali zuwa bencin baya, ya matsa tsakanin yara biyu, ya sunkuyar da kai shi ma.